Kamfanin da ya cike mana ramukan kuza a gefen Bukuru: aikinsu na da kyau amma a yi hattara da lissafinsu

Masu tambayata ta waya kan mutanen da suka gyara mana filin ƙungiya, ga amsa gaba ɗaya in huta. Ba zan kira sunan kamfanin ba, ƙaramin kamfani ne a Jos, katafila ɗaya gare su da eskabeta da tifofi, sai wani injiniya matashi da ke tsaya wa aikin.

Ƙungiyarmu ta masu haƙar kuza ce, muna da lasisin ƙananan masu haƙa, kuma duk mai lasisi ya san dokar ma'adinai ta 2007 da ƙa'idojin 2011 ba su bar ka ka kwashe arziki ka kaɗe riga ka tafi ba, dole ka gyara wurin, tun farko ma sai ka miƙa tsarin yadda za ka gyara ga sashen kula da muhalli na ma'aikatar ma'adinai, ga kwamitin jiha da ake kira MIREMCO da ke sa ido. Amma wallahi wanda ya fi matsa mana lamba mai gonar da muka yi haƙa a cikinta ne da mai unguwa, don rani na zuwa mutumin yana so ya sa dankalin turawa a wurinsa, kuma yana da gaskiya, duk wanda ya taso a Filato ya ga tafkunan da kamfanonin Turawa suka bari a Rayfield da Barkin Ladi, har yau suna cin mutane da shanu.

Abin da ya burge ni da su shi ne ba su zo sun tura ƙasa cikin rami kawai ba kamar yadda wasu ke yi. Injiniyan ya fara zagaya filin da ƙafa, duk loton da ya gani, wato ramin haƙar kuza mai kama da rijiya, sai ya kafa sanda ya ɗaura jan ƙyalle, har wasu tsofaffi da ciyawa ta rufe waɗanda mu kanmu mun manta da su. Ya ce loto ba zurfinsa ne matsala ba, hanyoyin da aka bi ta ƙarƙashi ne, in ka rufe baki ka bar ciki fayau damina ɗaya zai rufta. Toh sai suka sa eskabeta ta farfasa su, duwatsu da tsakuwa a ƙasa, yashin wankin kuza a kai, katafila ta bi ta daddanne, a ƙara wani a sake dannewa, a haka har aka zo sama. Baƙar ƙasar da muka tara gefe tun farkon haƙa ita aka baza a ƙarshe, ta yi kaɗan gaskiya, sai da aka sayo tifofin takin shanu aka haɗa. Sun kuma karkata filin kaɗan suka ja lambatu ruwa ya bi ya faɗa rafi.

Maganar bishiya mun ɗan yi musu, mu turare muka so don shi ake gani ko'ina a wuraren da aka gyara da can, shi ya ce turare shan ruwa gare shi kuma amfanin gona ba ya sakewa kusa da shi, a sa shi can bakin iyaka, gangaren kuma a dasa ciyawar jema ta riƙe ƙasa. Mai gona ya goyi bayansa, shi ke nan.

Yanzu inda suka ɓata min rai. Kuɗin da muka yi da baki daban, wanda ya fito a ƙarshe daban, wai kuɗin ɗauko katafila a kan babbar mota ba ya ciki, wai man dizal ya tashi, kuma katafilar tsohuwa ce ta lalace a tsakiyar aiki aka zauna jiran kaya daga Kano mu muna ta ba mai gona haƙuri. Rahoton kammala aiki ma da za mu kai ofis sai da muka yi ta sintiri, da ya fito hotuna ne birjik bayani ɗan kaɗan, aka dawo mana da shi a gyara. Sun iya aikin ƙasa, takarda kam sai a hankali.

Bayan damina wuri ɗaya ya lotsa wajen tsohon loto, mun kira su sun zo sun cike ba su karɓi ko sisi ba, amma fa don mun riƙe musu cikon kuɗi ne, ban san ko da mun biya duka za su ɗaga waya ba. Wanda zai ɗauke su ya rubuta komai a gaban mai unguwa, man dizal da kuɗin ɗauko inji da rahoto duk su shiga farashi, a biya kashi-kashi, na ƙarshe sai an ga abin da ruwan Agusta ya yi wa filin.