Wata tara da jakar ajiye mayafin rumfar mota

Mayafin rumfar motata na farko ba rana ce ta kashe shi ba, ba kuma ruwan sama ba. A cikin but ya lalace, wurin da nake zaton na adana shi. Ranar da na ɗauko shi zan ɗaura, sai na tarar da tsaga mai tsawon yatsa daidai inda na saba ninke shi, hannun jak ya huda shi a gefe, maɓallai biyu kuma sun lanƙwashe. Bayan na sayi sabo ne na ce ba zan maimaita ba, na nemi jakar da aka ɗinka musamman don ajiye shi. Yau wata tara ke nan ina amfani da ita.

Ga wanda bai taɓa riƙe irin wannan mota ba, bari in faɗi abin da nake kira mayafi. Motata ƙarama ce mai kujera biyu, tsohon yayi, rufinta rumfa ce ta tamfol da ake saukewa da hannu ta naɗe a wani kwarmi bayan kujeru. Idan ta kwanta, cikinta da ƙarafunanta suna kallon sama, rana ta dake su, ƙura ta cika lungunan, iska kuma ta riƙa kaɗa bakin tamfol ɗin in ana gudu. Mayafin shi ne abin da ake lulluɓawa a kai a danne da maɓallai. Leda ce mai kauri mai kama da fata, da soso siriri a ciki, wasu wuraren kuma an saka abu mai tauri don ya tsaya da siffarsa. Da zarar an ɗaga rumfa aikinsa ya ƙare, sai neman inda za a sa shi. Masu sababbin motoci ba su san wannan wahalar ba. Mazda MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989, da irin wannan mayafi mai maɓalli ake rufe rumfarta, amma a samfurin da ya zo a 2005 an sauya yadda rumfar ke naɗewa, ta yadda samanta ne ke zama murfin kanta. Mercedes SLK kuwa, wadda ta fito a 1996, da rufin ƙarfe ta zo mai ninkewa da kansa ya shige but. Mu masu tsofaffi mu ne har yanzu muke yawo da mayafi a hannu.

Jakar doguwa ce shimfiɗaɗɗiya kamar ambulan. Bayanta yadi ne mai ƙarfi da ruwa ba ya ratsawa, cikinta an yi mata shafi mai laushi. Zif ɗinta ya zagaye gefe uku, tana da hannaye biyu, a ƙarƙashinta an ɗinka layi biyu na Velcro, abin mannewar nan mai ƙananan ƙugiyoyi, wai don ta kama kafet, sannan an haɗo ta da igiyar roba guda mai ƙugiyar filastik a kowane ƙarshe.

Zif ɗin nan ne na fara yabawa, kuma har gobe shi ne abin da ya fi burge ni. Saboda ya zagaye gefe uku, jakar buɗewa take kamar littafi, ka shimfiɗa mayafin ka rufe, ba sai ka cusa shi ta baki ɗaya yana murɗewa ba. Faɗinta ya isa a ninke mayafin sau ɗaya kacal, a kan ɗinkin tsakiya, kuma a nan duk zancen yake. Irin wannan leda laushinta daga wani sinadari yake da ake gauraya mata a masana'anta, wanda zafi da tsufa ke janyewa a hankali. Tana sabuwa ka ninke ta yadda ka ga dama ta warware. Bayan 'yan shekaru, duk inda aka karya ta aka ɗora mata nauyi, layin zai yi fari, ya bushe, wata safiya mai sanyi ka buɗe ka ji ƙas. Haka na farkon ya tafi, don ninki huɗu nake masa kamar bargo in tura shi bayan taya. Yanzu ko ninki ɗayan ba na barinsa ya kwanta kaifi. Tsohon tawul nake naɗewa kamar tabarma in sa a cikin ninkin, sai ya zama lanƙwasa mai zagaye. Wannan dabarar ba ta zo a takardar jakar ba, wani mai ɗinkin kujerun mota ne ya nuna min, yana dariyar gawar tsohon mayafin da na kai masa wai ko zai ɗinku.

Shafin ciki ma ya yi aikinsa. Wata tara babu ƙarzuwa ko ɗaya a fuskar ledar. Sai dai shafin yana kare mayafin daga abin waje ne kawai, ba ya kare shi daga kansa. Maɓallansa na ƙarfe ne, in ka ninke fuska da fuska suka danni leda, mota na girgiza, za su bar zobba-zobba da ba sa gogewa. Ni bayansa nake haɗawa da baya, fuskar ta kalli shafin jakar, sannan in shimfiɗa ƙyalle tsakani.

To, nan yabon ya tsaya, don wajen ɗaurewa jakar nan ba ta taɓuka komai ba.

Satin farko na manna ta a kafet kamar yadda aka ce, na ja igiyar robar na maƙala. Ina cikin tafiya wani ya faɗo gabana, na taka birki da ƙarfi, sai na ji dum a bayana. Da na tsaya na buɗe, jakar ta bar wurinta ta haɗu da bangon gaba, kusurwarta ta naɗe. Velcro sai da gashi yake kamawa, kafet ɗin but ɗina kuwa ya tsufa, gashinsa ya kwanta luf, ƙananan ƙugiyoyin ba su sami abin riƙewa ba. Wataƙila a sabon kafet mai gashi ya kama, amma wa ke da sabon kafet a motar da ta haura shekara ashirin? Ai masu irin waɗannan motocin su ne masu sayen jakar. Igiyar robar kuma miƙewa take, aikinta ke nan, kuma abin da ke miƙewa ba ya hana kaya zamewa, sai dai ya dawo da shi bayan ya riga ya bugu. Cikin wata na biyu ɗaya ƙugiyar ta karye a hannuna ina ƙoƙarin maƙala ta. Ban ji haushi sosai ba, don dama na yanke ƙauna da ita.

Abin da ya yi magani ɗamara biyu ce ta zare, irin wadda ba ta miƙewa, mai ɗan makulli da ake dannawa da babban yatsa. Ɗaya na ratsa ta hannayen jakar biyu na zagayo da ita ta ƙarfen da ke riƙe tayar safaya, ɗayar na gicciya ta daga zoben da ke gefen but zuwa na ɗaya gefen. Tun daga ranar ko kwana na sha da gudu ba na jin motsi. Amma a kula da ja. Karon farko na ɗaure tamau kamar mai ɗaure kaya a kan babbar mota, bayan kwana uku na buɗe na ga ɗamarar ta kwanta a cikin soso ta bar hanya. Sai da na shanya shi a rana kafin ya taso. Mayafin bai kai kilo uku ba, abin da ake so kawai kada ya zame, ba a matse shi ba. Ƙa'idata yanzu ita ce yatsuna biyu su iya shiga ƙarƙashin ɗamarar. Kuma ban taɓa maƙala komai a wayoyin fitilun baya ko a hannayen murfin but ba, duk da cewa su ne suka fi sauƙin kaiwa.

Wani abu da ya kamata duk mai irin wannan mota ya duba kafin ya sa ƙugiyar ƙarfe a but shi ne inda batir yake. Ƙananan motocin nan da yawa a but ake saka musu batir don nauyi ya daidaita, tawa ma haka take. Ƙarfin wutarsa volt 12 ne kawai, ba ya jan mutum, amma in ƙarfe ya haɗa kan batir mai alamar tarawa da jikin mota, wutar da za ta bi ta cikinsa ta isa ta narkar da shi ta tada gobara. Murfin robar da ke kan nawa ya daɗe da ɓata ban damu ba, sai da na fara ratsa ɗamara ta wurin na ga yadda makullinta ke lilo kusa da shi. Washegari na sa wani.

Babban kuskurena kuwa ya zo ne ta inda aka fi tallata jakar, wato cewa ruwa ba ya shiga. Gaskiya ne ba ya shiga. Abin da ba a faɗa ba shi ne ba ya fita. Wata rana hadari ya taso ina hanya, yayyafi ya fara sauka, na tsaya a gefen titi na ɓalle mayafin a gurguje, na ɗaga rumfa, na jefa shi jaka na ja zif. Ɗigon da ke jikinsa bai taka kara ya karya ba, na ce in na isa zan fitar da shi. Na manta. Kwana goma sha ɗaya bayan nan na buɗe, warin da ya tarbe ni shi ya fara ba ni labari. Fumfuna ta yi toka-toka a bayan mayafin inda yadi yake, ta bi layin ɗinki, maɓalli uku sun fara kore. But a rana tanda ne, ga laima a kulle, ga duhu, babu abin da fumfuna ke nema da ya wuce haka. An gudu ba a tsira ba ke nan: na kuɓutar da shi daga jak na miƙa shi ga danshi.

Da ruwa mai ɗumi da sabulu mara kaifi da buroshi mai laushi na wanke shi, na shanya a inuwa wuni biyu, jakar ma na juya cikinta waje na wanke. Wani ya ba ni shawarar fetur wai yana fitar da tabo nan take. Yana fitarwa, amma da laushin ledar yake tafiya, haka ma tina da bilic, wanda shi har zaren ɗinki yake ci. Tabon bai fita duka ba, akwai inuwarsa har yanzu a baya inda ba a gani. Tun lokacin, mayafi mai laima ba ya shiga jaka. In ruwa ya kama ni, a kujerar gefe nake ajiye shi har in isa. Ko a bushe yake, ina barin zif a buɗe kamar faɗin tafin hannu, kuma na jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi ko na kayan lantarki. Da masu ɗinkin sun huda mata ƙofofin iska biyu a gefe, da duk wannan bai taso ba.

Binciken warin ne ma ya kai ni ga gano cewa but ɗin kansa yana ɗan jiƙewa. Kwarmin da rumfa ke kwanciya yana da ƙananan magudanai da ke zubar da ruwa ƙarƙashin mota, ganye da ƙasa sun toshe ɗaya, ruwan yana neman wata hanya. Wannan ba laifin jaka ba ne, amma wanda zai ajiye abu mai soso a but ya ɗaga kafet ya taɓa ƙasan bayan an yi ruwa.

Maganar wuri kuma, but ɗin waɗannan motoci dama ba wani abin kirki ba ne, jakar ta cinye shimfiɗarsa kusan duka. Jarabar ita ce ka bar ta a ƙasa ka jibga kaya a kai, tunda shimfiɗaɗɗiya ce. Kada a yi. In zan yi tafiya da kaya, kwance ta nake, in shirya kayan, ita ta hau sama a ƙarshe, in rufe murfin a hankali ina leƙen inda hannayensa ke sauka, don suna shigowa ciki sosai kuma duk abin da suka tarar sai sun danne shi. Wannan kwancewa da sake ɗaurewa yana cin minti uku zuwa huɗu, kuma akwai ranakun da ƙyuya ke sa in bar mayafin a gida gaba ɗaya.

Wanda ke sauke rumfa sau biyu a shekara, jakar nan ba tasa ba ce, ya shimfiɗa mayafin a kan kanta a ɗaki ya huta. Sai dai ya sani ledar da ta daɗe ba a ɗaura ta ba tsukewa take, ranar da ya ɗauko zai ga maɓallan ƙarshe sun ƙi kaiwa. Minti goma a rana yana sassauta ta, a fara dannawa daga tsakiya a bi zuwa gefe, wajen cirewa kuma a sa yatsa a gindin kowane maɓalli a ɓalle, kada a fizgi ledar. Ni da nake saukewa kusan duk ranar da sama ta yi haske, kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma sai da na ƙara ɗamara biyu da tawul da ƙyalle daga wajena. Zif ɗin ya fara ɗan cijewa a kusurwa ɗaya cikin watan nan. Na goga masa kyandir ya saki, ina dai sa masa ido, don in ya mutu ban ga yadda za a sauya shi ba tare da an farke shafin cikin gaba ɗaya ba.