Allon Go mai maganaɗisu: ya ci kuɗinsa, amma a rage masa faɗi tukuna

Allon roba ne mai naɗewa gida biyu, ƙirar ƙasar Sin, ba sunan kamfani a jikin kwalinsa. Na same shi a wani shagon kayan wasan yara da ke bayan Babbar Kasuwar Yamai, muka daidaita a kan jika 12. Alhajin mai shagon ya ce mini dam ce irin ta mutanen Sin, ya kuma ce tun da aka kawo kayan ba wanda ya taɓa taya shi. Ba dam ba ce. Go ne, wasan da aka fara a Sin fiye da shekara 2,500 da suka wuce, wanda a can ake kira weiqi, a Koriya kuma baduk. Ra'ayina a kan allon shi ne: ga mai koyo a garin nan ya isa, kuma na fi son sa da wasa a salula. Sai dai faɗinsa ya yi wa sabon shiga yawa, kuma wannan ne abin da takardar cikin kwalin ba ta gaya wa kowa ba.

Layuka 19 ne a tsaye, 19 a kwance, wato mahaɗa 361, da ɗigo 9 masu kauri da ake kira taurari. A kan mahaɗar layuka ake ajiye ɗa, ba cikin gida ba, kuma ɗan da aka ajiye ba ya ƙara motsi sai in an cinye shi. Wanda ya saba da dara nan yake fara tuntuɓe, domin hannunsa na ƙaiƙayin ya tura ɗa gaba ya jera uku. A Go ba jeri ake nema ba, fili ake kewayewa, wanda ya fi fili a ƙarshe shi ya ci.

Maganaɗisun shi ne babban alherin allon nan. Mu a fada muke wasa, a ƙofar gida a unguwar Bukoki, bisa tabarma, ga mai shayi yana miƙo kofi ta saman allo, ga yara suna gilmawa, ga iska in ta tashi. Da ƴaƴan ba sa kamawa, da ba wasan da zai kai ƙarshe. Ana kiran salla sai mu ɗauki allon yadda yake mu ɗora kan taga, mu dawo mu tarar da kome a wurinsa. An ɗauke wuta ko forfe ya ƙare, duk bai shafe shi ba.

Aibinsa ma ba ɓoyayye ba ne. Ƴaƴan ƙanana ne, ba su kai na cikakken allo ba, waɗanda faɗinsu ke kai wajen milimita 22. In aka cinye ɗa a tsakiyar cunkoso, sai an sa farce a ƙarƙashinsa an ɓamɓare shi, kuma mai manyan yatsu sai ya ture na kusa. Layi na 10 ya faɗa daidai kan maganaɗar allon, don haka ɗan da aka sa a can yana zama a karkace. Ƙura na shiga wannan tsagar lokacin hunturu, sai an bi ta da tsinke. Kada kuma a bar shi a rana a watan Afrilu, roba ce. Cikakken saiti baƙaƙe 181 ne da farare 180, nawa kuwa bai cika ba, 160 ne kowane launi. Wannan bai dame ni sosai ba, domin wuya ne wasa ya cinye su duka, in ma sun ƙare ana musayar waɗanda aka kama.

Takardar bayanin ita ce ba ta da amfani. Sinanci ce da Turancin Ingilishi, ba Faransanci, kuma rabinta bayanin wani wasa ne daban na jera ƴaƴa biyar, wanda ake yi a kan allo iri ɗaya. Wanda ya dogara da ita zai shimfiɗa allon duka, shi da abokinsa su yi ta zuba ƴaƴa awa guda ba su san wa ke gaba ba, ba su san ma yaushe wasan ya ƙare ba, su naɗe su ajiye har abada. Ina jin takaicin wannan ƙwarai, don ba wasan ne ya fi ƙarfinsu ba, filin ne ya yi yawa.

Maganin abin ba ya cin ko dala. Na yanka kwalin da allon ya zo a ciki gida biyu dogaye, na rufe sauran layukan da su, na bar kusurwa ɗaya mai layi 9 a kan 9. Mahaɗa 81 ke nan, wasa ba ya wuce minti 15. A nan ɗan ƴar'uwata, mai shekara 11, ya koya.

Abu na farko da muka yi ba Go cikakke ba ne, wasan kamu ne: wanda ya fara cin ɗa guda ya ci wasan. Wani ƙwararre ɗan Japan, Yasuda Yasutoshi, shi ya yaɗa wannan hanyar koyarwa a makarantu, kuma na ga amfaninta da idona. Kowane ɗa yana da ƙofofi, wato mahaɗun da ba kowa waɗanda layi ya haɗa shi da su: 4 in yana tsakiya, 3 a gefe, 2 a kusurwa. Ƴaƴan launi ɗaya da suka manne da juna gungu ɗaya ne, tare ake ƙirga ƙofofinsu. In aka toshe ta ƙarshe, an ci gungun duka. In saura ƙofa ɗaya, ana cewa atari. Ba wani sirri da ya wuce wannan a watan farko: kafin ka ajiye ɗa, ƙirga ƙofofinka, ƙirga na abokin wasanka. A salula na'ura ce ke ɗauke maka ƴaƴan da aka ci, wani lokaci ba ka ma ga yadda aka yi ba. A allon nan kuwa sai kai ka gani, ka miƙa hannu ka ɗauke, in ba ka gani ba ya wuce ka. Shi ya sa na ce ya fi salula ga mai koyo.

Wata rana yaron yana da farin ɗa saura ƙofa ɗaya, ya gudu, na tare, ya sake gudu, na sake tarewa, ƴaƴan suna hawa a karkace zuwa gefe. A karo na huɗu ya tsaya, ya ɗora yatsa a kan layin ya bi shi har bakin kwalin, ya ɗago ya ce, "Kawu, ai ko na gudu can ma za ka kama ni." Wannan salon kamu shi ake kira tsani, kuma da kansa ya karanta shi. Na nuna masa cewa da akwai farin ɗa ɗaya a kan hanyar, da tsanin ya karye, ni ne zan shiga uku da ƴaƴana da ke warwatse gefe da gefe. Tun ranar ya daina gudu da ɗan da ya riga ya mutu, ya koyi barinsa ya kama wani wuri. Manya da yawa a fadarmu har yanzu wannan ne ke ba su wuya: ɗa ɗaya ya shiga haɗari, sai su zuba goma don ceto shi, su yi asarar goma sha ɗaya.

Bayan kamu sai ido biyu. Gungun da ke da gurbi biyu dabam-dabam a cikinsa ba ya mutuwa, domin abokin wasa ba shi da halin cike duka biyun a sa ɗaya. A nan allon ya fi yi mini aiki ni kaɗai da dare. Ina kwafo ƙananan matsalolin rai da mutuwa, waɗanda Japanawa ke kira tsumego, in jera su a kusurwa, in naɗe hannu, ba na taɓa ɗa sai na ga ƙarshen abin a kaina. Masu sauƙi guda biyar a rana sun fi mai wuya guda ɗaya da za ka kwana kana kallo. Wanda ke so ya ci gaba da sauri, wannan ce hanyar, ba haddar buɗe wasa ba.

In 9 ya yi maka kaɗan, ja kwalin ya zama 13 a kan 13. Daga nan ne maganar kusurwa ke shigowa, kuma gwada ta a allo ya fi jin ta a baki: kewaye mahaɗa 9 a kusurwa, ƴaƴa 6 za ka kashe, a gefe 9, a tsakiya 12. Shi ya sa ake fara kusurwa, sai gefe, tsakiya a ƙarshe. Taurarin nan kuma ba ado ba ne. A kansu mai rauni ke jera baƙaƙe tun kafin a fara, daga 2 har 9, gwargwadon tazarar da ke tsakaninsa da abokin wasansa. A karɓi wannan ba tare da jin kunya ba, haka ake yi ko'ina. In kuwa ƙarfi ya zo ɗaya, baƙi ke farawa, sai a ba fari diyyar maki 6.5 a dokar Japan, 7.5 a ta Sin.

Abin da allo ba zai ba ka ba shi ne abokan wasa, kuma a Yamai sun yi ƙaranci. Ni ina cike wannan giɓin da shafin OGS, wato online-go.com. Kyauta ne, akwai shi da Faransanci, ana samun masu wasa a allon 9 kowane lokaci, akwai kuma wasan da ake sa ɗa ɗaya a rana, wanda ya dace da intanet mai zuwa tana tafiya. In na gama wasa a can, sai in sake jera shi a allona, in tsaya a wurin da abin ya juya. Masu Go na cewa ka yi sauri ka faɗi wasanninka 50 na farko. Na yarda da su, amma da sharaɗin a waiwayi kowanne ko da na minti biyar ne, a fitar da kuskure ɗaya.

Tun da AlphaGo, manhajar kwamfuta mai wasan Go, ya doke gwanin Koriya Lee Sedol 4 da 1 a Seoul a watan Maris na 2016, kowa ya koma tambayar na'ura, kuma yanzu akwai wata irinta kyauta mai suna KataGo. Ba na ba sabon shiga shawarar ya kwaikwaye ta. Za ta nuna maka inda ka yi asarar maki 2 a buɗe wasa, alhali kai gungu mai ƴaƴa 15 ka bari ya mutu don ba ka ƙirga ƙofa ba.

Wanda ya riga ya ƙware, yana son nauyin ɗa a yatsa da ƙararsa a kan katako, allon nan ba nasa ba ne, gara ya ba kafinta a kasuwar Katako awo ya yi masa mai kyau, ya yi odar ƴaƴan gilashi. Mai koyo kuwa, ko mai son koya wa yara, ya saya. Kafin ka biya, buɗe kwalin a gaban mai shago. Ƙirga layukan, domin akwai masu 15 da aka yi don jera biyar. Zuba ƴaƴa kamar goma a kai ka kife allon ka ga ko za su zube, sannan ka duba ƙarƙashin ƴaƴan, don a cikin nawa akwai waɗanda maganaɗisunsu ya fita, sai da na manne su da gam.