Wata shida ina kai Gwaggo wurin majon masu ciwon fata

Ni tela ne a Tawa. Bara da rani Gwaggo, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami, ta nuna wa matata wani tabo a kafaɗarta, ya yi haske kamar ƙyasfi, ba ƙaiƙayi, ba zafi. Muka shafa man farmasi har kwali biyu, bai gusa ba. Sai na ɗauke ta a moto zuwa likita, ɗakin da ake duba ciwon fata.

Majo, wato ma'aikacin jinya, ya sa ta rufe ido, ya riƙa taɓa ta da ɗan ƙullin auduga. A gefen tabon tana cewa "nan", a tsakiyarsa shiru. Ya lalubi jijiyar gwiwar hannunta, lafiya lau, ya ƙirga tabo uku. Ya ce, "Inna, kuturta ce, amma kin zo da wuri. Wata 6 za ki sha magani, in sha Allah yatsunki na nan."

Ko dala ba mu biya kuɗin maganin ba. Kati ɗaya na ƙwayoyi kowane wata, na ranar farko a gabansa take haɗiyewa. Tun ran nan ya gaya mata rifampisin, ɗaya daga cikin ƙwayoyin, zai sa fitsari ya yi ja, don kar ta tsorata. Wannan kaɗai ya sa na yarda da shi.

Abin da har yau yake ci mini rai ni na yi shi. Muna komawa gida na ware mata ƙwarya da buta. Ba ta ce uffan ba. Wata na zagayowa majo ya tambaye ta da wa take cin tuwo, ta sunkuyar da kai. Ya zaunar da ni ya ce, "Malam, ƙwayar cutar daga hanci da baki take fita, cikin atishawa da tari, kuma sai an yi watanni ana zama kusa da wanda bai fara magani ba. Gaisawa ba ta kawo ta, cin abinci tare ba ya kawo ta, ba gado ba ce. Wanda ya fara magani ya daina bazawa." Ya ƙara da cewa kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu na kashe ta da kansa. Daren nan a ƙwarya ɗaya muka sha fura.

Da yake cutar kan ɓoye shekara 5, wani lokaci har 20, ya sa na kawo mutanen gida mu tara, aka duba fatar kowa, aka duba tabon allurar BCG, ta rigakafin tarin fuka wadda ke ɗan karewa daga kuturta, a hannun yara.

Inda ban ji daɗi ba: inuwa ta yi kaɗan, tsofaffi na jira cikin rana, kuma wata rana wata ma'aikaciya ta ɗaga murya ta ce "masu kuturta su matso" gaban jama'a. Gwaggo ta kusa daina zuwa. Sannan tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba mazauna gida ɗaya da majinyaci rifampisin sau ɗaya don rigakafi. Mu ba a ba mu ba.

Ta gama magani, tabon ya dushe. Mai zuwa ya yi sammako, ya riƙo ruwan sha da tabarma.