Allon gangaren da na saya wa Waldi: abin da na gani a wata takwas

Da asubar wata Talata a watan Fabrairu surukata, uwar matata da muke kira Mama, ta kira ni a waya daga ƙasan bene, muryarta na rawa. Ta ce in sauko maza, karenta Waldi ya ƙi tashi. Na tarar da shi a tsakar falo, bayansa ya tanƙwaro sama kamar baka, jikinsa sai ɓari yake yi. Da na kai hannu zan ɗaga shi ya saki wata irin ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya yunƙura ya yi taku uku yana tangaɗi, faratan ƙafarsa ta hagu ta baya suna jan ƙasa. Mama ta ce da daddare ya diro daga kan kushin kamar yadda ya saba, ya ɗan yi kuka, ta ɗauka ba komai.

Gida ɗaya muke da ita a wani ƙaramin gari kusa da Regensburg, a jihar Bavariya ta Jamus, mu a sama, ita a ƙasa. Karen na marigayi mijinta ne, wanda mafarauci ne. Tun da aka yi mata aikin ƙugu, fita da shi safe da yamma ya dawo wuyana. Na san wani zai ce me ya haɗa Bahaushe da rainon kare. Ba ya hawowa wajenmu, kwanukansa daban, rigar da nake fita da shi ma daban take. Mu da muka tashi a kan mazhabar Malikiyya mun san ba a ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, amma zaunar da shi cikin ɗaki wata magana ce, kuma ta malamai ce. Ni dai abin da ke gabana shi ne uwar matata tsohuwa ce, daga safe zuwa yamma ba ta da abokin zama sai wannan dabba, kuma dabbar da aka damƙa maka amana ce.

Waldi irin karen nan ne mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, wanda duniya ta sani da dachshund. Jamusawa Dackel suke ce masa, mafarautansu kuma Teckel. Sunan ya fito ne daga Dachs, wata dabbar rami mai kama da dage, wadda don a bi ta har cikin raminta aka samar da irin. Shi ya sa a nan ba da tsayi ake raba su ba, da awon zagayen ƙirji ne: akwai babba, da matsakaici, da ɗan ƙaramin da ke shiga ramin zomo. Gashinsu ma iri uku ne, mai santsi, mai tsawo, da mai kaushi. Namu babba ne mai kaushin gashi, da gemu da gira kamar dattijo, shekararsa bakwai. Mama ta raɗa masa sunan karen da aka yi alamar gasar Olamfik ta Munich da shi a 1972.

Likitar dabbobi ta duba shi a ranar. Ta lanƙwasa tafin ƙafarsa ta baya ta dafa a ƙasa ta ga ko zai gyara, ya gyara amma a makare. Ta ce ciwon da Jamusawa suka raɗa wa sunan irin kansa ne, Dackellähme, wato shanyewar Dackel. Tsakanin ƙasusuwan baya akwai wasu ƴan matasai na guringuntsi. Gadon da ya gajarta wa karen ƙafafu shi ne kuma yake sa waɗannan matasai su bushe su taurare tun yana ƙarami, sai wata rana ɗaya ya fashe ya danne laka. Ana ƙiyasta ɗaya cikin huɗu ko biyar na irin yana gamuwa da wannan a rayuwarsa. Tunda yana iya takawa, ta ce ba sai an yanka ba tukuna: maganin kashe zafi da zaman keji na sati shida, ba fita sai fitsari. Ta ja min kunne sau biyu. Kada in kuskura in ba shi maganin ciwon jiki na mutane. In kuma na ga ƙafafun sun daina motsi ko fitsari ya ƙi riƙuwa, in ɗauke shi zuwa babban asibitin dabbobi ko da tsakar dare ne, domin a wannan matakin awoyi ake lissafawa, aikin kuma dubban Yuro yake ci.

A sati na biyar na yi odar allon ta intanet, Yuro saba'in da ɗoriya. Allon katako ne da ake jingina shi da kujera ko gado don kare ya tako a hankali maimakon ya yi tsalle. Tsawonsa santimita 100, faɗinsa 40, an manna masa kafet ruwan toka, a ƙarƙashi kuma akwai ƙafa mai naɗewa da ake saita ta a tsayi huɗu. Kwana uku ya iso, a haɗe, ba abin da na ɗaura. Katakon mai kyau ne, ba kwali da aka matse ba, an goge gefunan ba su da tsini. Na dafa shi da hannu biyu na danna da ƙarfina bai lanƙwasa ba. Idan aka naɗe shi yana shigewa ƙarƙashin kujera, abin da ya yi wa Mama daɗi saboda tana tafiya da sandar dogarawa, ba ta son abin tuntuɓe a hanya.

Matsalar farko ta fito tun ranar da aka buɗe masa keji. Kafet ɗin a hoto kamar mai kaushi, a zahiri kuwa sumul yake. Wajen hawa da sauƙi, amma da ya zo sauka sai ƙafafun gaba suka zame, ya taho da gudu kamar an turo shi, ya dira da ƙirji. Gabana ya faɗi. Karen da ya yi sati shida a kulle saboda baya, ga shi abin da na sayo don kare bayan ya kusa mayar da shi gidan jiya. Na ɗauke allon a ranar. Washegari na sayo siraran katako guda shida, na buga su a kwance tazarar santimita 12 tsakaninsu, yadda faratansa za su sami abin kamawa. Ƙasan ƙafar allon ma na manna masa roba, don yana ja da baya a kan daɓen katakon falon. Abu ne da bai kai Yuro goma ba, kuma ban ga dalilin da zai hana masu yin allon su yi shi tun daga masana'anta ba.

Ta biyu ita ce tsawon. Kujerar Mama tsayinta santimita 45 ne. Allo mai santimita 100 a wannan tsayi yana ba da gangare na kusan digiri 27. Ga kare lafiyayye ba komai ba ne, amma ga mai gajerun ƙafafu da ya tashi daga jinya ya yi tsaye da yawa. Da mai santimita 130 na saya, da gangaren ya sauko wajen digiri 20. Laifin a nan rabi na mai sayarwa ne, don ya rubuta cewa allon ya dace har da gado mai santimita 60. Na gwada shi a wannan saitin, ko kallonsa Waldi bai yi ba, ni ma ba zan bar shi ya hau ba. Wanda zai saya ya fara auna kujerarsa, ya nemi allon da tsawonsa ya kusa ninka tsayin sau uku. Gefunan kuma ba su da shinge ko kaɗan, kare na iya kaiwa tsakiya ya ga ya gaji da tafiyar ya dire ta gefe.

Koya masa hawa ya fi gyaran allon wahala, kuma a nan ne na san halin wannan kare da kyau. An halicci irin ne don ya shiga rami shi kaɗai cikin duhu, inda ba mai ba shi umarni, ya yanke shawara da kansa gaban dabbar da ta fi shi nauyi. Hali zanen dutse. Idan ka kira shi sai ya tsaya ya dube ka, ka ga yana auna maganar kafin ya motsa. Tsawa ba ta aiki a kansa, ja da igiya kuma sai ya kafe ƙafafu huɗu. Mama ta miƙo min kwaɓin hantar alade da Jamusawa ke lallashin karnuka da shi, na ce, "Mama, ki bar shi, zan nemo wani abu." Busasshen huhun sa na samo a shagon abincin dabbobi, na gutsuttsura shi ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Kwana huɗu allon na shimfiɗe a ƙasa, yana takawa a kai yana tsintar huhu. Sannan na ɗaga shi a saitin farko, bayan sati na kai shi bakin kujera. Minti biyar da safe, minti biyar da yamma. Ranar da ta cika sati uku ina ɗaura takalmi a bakin ƙofa na ji takunsa a kan katako, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na waiwaya na gan shi ya hau da kansa ba wanda ya ce masa, ya zagaya sau biyu, ya kwanta ya ɗora gemunsa a cinyar Mama. Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ba ta ce komai ba.

Duk da haka akwai abin da allon bai iya ba. In aka danna ƙararrawar ƙofa, Waldi mantawa yake da duk karatun, ya yi haushin nan nasa mai kauri da za ka rantse na babban kare ne, ya diro ta inda ya ga dama. Sai da muka jawo teburin tsakiya da wata ƙaramar kujera muka toshe gaban kushin ɗin, muka bar masa hanya ɗaya. Falon ya ɗan cushe, amma tun watan Mayu ban ga ya yi tsalle ba.

Babban ƙorafina kan tallar ne. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa allon yana hana ciwon baya. Da na koma da Waldi dubawa na faɗa wa likita haka, ta girgiza kai. Ta ce ciwon a jini yake, ba allon da zai canza guringuntsin da ya riga ya bushe. Amfaninsa shi ne ya rage dirowa ga karen da ya taɓa kamuwa ko ya tsufa. Lafiyayye kuwa, ta ce, kulle shi da hana shi motsi cutarwa ce, don tsokar da ke gefen ƙashin baya ita ke riƙe shi, tsoka kuma sai da tafiya. Daga nan ta ɗora shi a sikeli: kilo 11 da rabi, alhali bai kamata ya wuce 9 da ɗan kai ba. Ta kama hannuna ta ɗora a haƙarƙarinsa ta ce in lalubo ƙashin. Sai da na danna sosai na ji shi.

Wannan magana ta fi allon yi masa amfani, a ganina. Ana cewa ido ba mudu ba ya san kima, amma a kwanon Waldi ido bai san ta ba. Mama da hannu take ɗebo masa abinci, ga ɓallin cuku da safe, ga gefen burodi da yamma, in ya zauna ya kafe ta da ido ba ta iya hana shi. Na sayi ɗan ma'aunin kicin, kullum da daddare nake auna abincin gobe in zuba a gwangwani, duk abin da za a ba shi a yinin daga ciki zai fito, har ladan hawa allo. Mun sha fama da ita kafin ta yarda. Tafiya muka fara da minti biyar, yanzu muna yin rabin awa sau biyu a bakin gona. Na cire masa abin wuya na koma ɗamarar da ke kama ƙirji. Matakala uku da ke fita lambu ɗaukarsa nake yi, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji ɗaya a ƙarƙashin ƙugu, jikin a miƙe, ba a bar bayan yana reto. Faratan ma duk wata ake rage su, don in sun yi tsawo suna canza masa taku kuma suna ƙara santsi a kan allon. Da bazara kuma kullum muka dawo sai na laluba gemun da hammata saboda kaska, wadda dazukan nan suke cike da ita.

Wani abokina a Kaduna da na tura wa hoton ya ce maƙwabcinsa ya sayo irin wannan kare, falonsu kuma tayil ne. Na ce kada ya wahalar da kansa da oda daga waje, kowane kafinta zai yi masa wanda ya fi nawa: filawud mai kauri, tsawo santimita 130, faɗi 40, siraran katako a kwance, shinge kamu ɗaya a kowane gefe, roba a ƙasa. Ya kuma shimfiɗa darduma a inda karen ke sauka, don santsin tayil ya fi na katako.

Bayan wata takwas kafet ɗin ya fara tashi ta kusurwa ɗaya, na mayar da gam. Notin ƙafar yana sassautawa, duk sati biyu nake ɗaure shi. Katakon kansa ko tsagewa bai yi ba. Da za a ce in sake saye, zan sayi mai tsawo da shinge ko da ya fi tsada, wannan kuwa uku cikin biyar zan ba shi. Waldi yanzu kilo 9 da gram 600 yake, ƙafar hagun ta daina jan ƙasa sai in ya gaji. Makon jiya ya tona rami a gindin tuffar Mama har rabin jikinsa ya shige. Watan gobe za mu koma wajen likita a sake auna shi, a kuma duba haƙoransa na ciki da suka fara tara tsatsa.