Hular baƙar yanyawa ko ta ja: ka ɗauki baƙar

Ɗan'uwa, tunda tsakanin hular gashin baƙar yanyawa da ta ja kake kokwanto kafin sanyin Rasha ya same ka, ka sayi baƙar kawai. Rashawa chernoburka suke ce mata. Dabba ɗaya ce da jar, launi ne ya raba su, har uwa ɗaya kan haifi ja da baƙa a haihuwa guda. Sai dai baƙar an daɗe ana kiwonta don fatarta, tun shekarun 1890 a tsibirin Prince Edward na Kanada, ana ware masu cikakken gashi, shi ya sa nata ya fi kauri.

Tawa na saye ta a shekarata ta farko a Novosibirsk na Siberiya, garin da masanin kimiyya Dmitri Belyaev ya fara kiwon irin waɗannan yanyawa a 1959, yana zaɓar masu sauƙin hali, har jikokinsu suka saba da mutane kamar karnuka. Wata safiya a Janairu, sanyi ya wuce digiri 30 ƙasa da sifili, na yi kusan rabin awa ina jiran bas. Gashin idona ya daskare, hancina ya mutu, amma kunnuwana ɗumi ɗumi kamar ina cikin bargo. Wata tsohuwa da ke gefena ta miƙo hannu ta shafa hular, ta gyaɗa kai. Hunturu huɗu ke nan, har yau tana sheƙi.

Jar kuwa na taɓa saye don arha. Ba laifi, tana da ɗumi, amma kafin sanyi ya fita ta cika mini kafaɗar riga da gashi.

Ka yi hattara da 'yan kasuwa, da sun ga baƙo sai su miƙo masa rinanne. Hura gashin ka duba sosai: na gaske launi uku ne a sili ɗaya, toka-toka a gindi, fari a tsakiya, baƙi a tsini. Goga shi da jiƙaƙƙen farin hankici, in ya yi baƙi, rini ne. In mai shagon ya yarda, cire sili ɗaya ka ƙona; na gaske ƙaurin gashi yake yi, na roba narkewa yake kamar leda. Wanda ya hana ka dubawa, ka bar masa kayansa.

Idan zafi ya shigo kada ka kulle ta a leda. Saka ta a jakar yadi, wuri mai iska, ka sa maganin asu a gefe.