Jadawalin Excel ko manhajar waya: amsa ga mai shagon da ke son sanin ainihin abin da ya mallaka

Malam, tsakanin manhajar wayar da aka tallata maka, wadda ake haɗawa da asusun banki ta riƙa lissafi da kanta, da jadawalin Excel da mutum zai riƙa cikewa da hannunsa a kwamfutar shago, ni jadawalin nake ba ka shawarar ɗauka. Na yi aiki da duka biyun a shagona na kayan gini, kuma wanda har yau nake tare da shi jadawalin ne.

Babban dalili shi ne mafi yawan dukiyar ɗan kasuwa irinmu ba a banki take ba. Tana cikin hajar da ke jibge a shago da sito, da bashin da kake bin mutane, da zubin adashi da ba a kai ga kwasarka ba, da fili ko shanun da ka bar wa wani kiwo a ƙauye. Manhajar da ke leƙa asusun banki abin da ya shiga da abin da ya fita kawai take gani, saboda haka ranar da ka sari siminti na naira miliyan uku za ta nuna maka ka talauce, ranar da wani ya turo maka kuɗin ajiya kuma ta nuna ka yi arziki. Idan har za ka zauna ka shigar mata da haja da basussuka ɗaya bayan ɗaya, to aikin da za ka yi a jadawali ne kake yi, sai dai a nan kana biyan kuɗin wata-wata, kuma bayananka suna hannun wani.

Tsarin jadawalin ba shi da wuya. Gefe ɗaya ka jera duk abin da ka mallaka, ɗaya gefen ka jera duk abin da ake binka, sannan ka cire na biyu daga na farko, abin da ya rage shi ne naka. A misali, idan hajarka ta kai naira miliyan 6, kana da miliyan 1 da rabi a banki da aljihun tebur, kana bin mutane dubu 900, ga keken kaya da ka ƙiyasta a miliyan 1, jimilla ta zama miliyan 9 da dubu 400. Idan dilan da ke ba ka kaya yana binka miliyan 2, akwai ragowar kuɗin haya dubu 400, akwai kuma ajiyar wani dubu 500 a hannunka, to abin da ka mallaka miliyan 6 da rabi ne. Wurin da mutane suka fi yaudarar kansu shi ne ƙiyasi. Ka rubuta haja a kan farashin da ka saro ta, ban da ribar da kake fatan samu. Ka rubuta mota da janareto a kan abin da za a ba ka idan ka fitar da su kasuwa yau. Bashin da ya shekara mai shi yana guje wa kiranka kuwa ka ware masa layi na daban, kada ka haɗa shi da jimilla. Haka nan duk wata lamba da ke haskawa a allon wani dandalin zuba jari mai alƙawarin ninka kuɗi ba kadara ba ce sai ranar da ta shigo hannunka, kuma waɗanda suka shiga MMM kafin ta daskarar da asusun mutane a Disambar 2016, da waɗanda CBEX ta rufta da su a Afrilun 2025, duk sun ga manyan lambobi a wayoyinsu.

Akwai layi guda da na ƙara wanda ban ga manhajar da ta ba ni shi yadda nake so ba. Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma har ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin ɗari a wannan shekarar. A irin wannan yanayi jimillar naira takan hau ko da mutum baya yake ci. Don haka kowane ƙarshen wata nakan raba jimillata da farashin buhun siminti na ranar, in ga buhu nawa dukiyata za ta saya. Mai sayar da kayan masarufi zai iya yin haka da buhun shinkafa ko sukari, mai atamfa da turmi. Wannan lambar ce take faɗa mini gaskiya, kuma akwai watannin da naira ta nuna ƙari alhali buhunan sun ragu.

Amfanin jadawalin da ya fi zauna mini a rai shi ne lokacin da ni da ɗan'uwan da muka haɗa jari muka yanke shawarar kowa ya kama nasa. Irin wannan rabuwa ita ce take ɓata zumunci a kasuwa, domin kowa yana da nasa lissafin a ka. Mu kuwa bayan sallar La'asar muka zauna da wani dattijo da muka amince da shi, na buɗe fayil ɗin, muka bi wata-wata muna duba abin da kowa ya zuba da abin da ya ɗiba, har da kuɗin da ya karɓa lokacin bikin ƙanwarsa wanda shi kansa ya manta. Ya yi dariya ya ce haka ne, aka raba, aka yi addu'a, kafin Magariba mun tashi. Har gobe idan kaya ya yanke masa wurina yake aikowa.

Jadawalin yana kuma sauƙaƙa fitar da zakka, amma kada ka ɗauka jimillar dukiyarka ita ce abin da za ka fitar wa kashi ɗaya cikin arba'in. Gidan da kake ciki da motar hawa da kantoci da ma'aunin shago suna cikin dukiyarka, amma ba sa cikin lissafin zakka. Nisabin kuɗi ana auna shi da zinare na wajen giram 85, kuma a mazhabar Malikiyya ɗan kasuwar da hajarsa ke juyawa kullum yana yi mata kima da farashin kasuwa na ranar da shekararsa ta cika, wanda ya bambanta da farashin sari da na ce ka yi amfani da shi a lissafin wata. Ka yi wa zakka shafi na daban, batun basussuka kuma ka kai wa malaminka.

Manhajar da na saya kuwa, abin da zan iya yaba mata shi ne tana aika wa masu bashi saƙon tuni, kuma idan kana da yaran shago da yawa tana nuna wanda ya sayar da me. Bayan wannan ban ga abin da ya kai kuɗinta ba, kuma da na daina biya sai ta kulle mini tsofaffin bayanaina. Wannan ba matsalar ƙananan kamfanoni kaɗai ba ce, domin Mint, wadda miliyoyin mutane a Amurka suka dogara da ita wajen irin wannan lissafi, kamfanin Intuit ya rufe ta a 2024. Fayil ɗin da ke hannunka ba wanda zai wayi gari ya rufe shi.

Ta fuskar tsaro ma bambancin a fili yake. Manhajar tana neman izinin karanta saƙonninka don ta ga alat na banki, kuma a cikin waɗannan saƙonnin ne lambobin sirrin nan na amfani sau ɗaya suke shigowa. Wasu har suna neman jerin lambobin mutanen da ke wayarka, wanda shi ne abin da manhajojin ba da rance suka yi amfani da shi wajen tozarta mutane har hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta far musu a 2022. Akwai dokar kare bayanai ta 2023, amma doka ba za ta dawo maka da abin da ya riga ya fita ba. Duk manhajar da ta nemi kalmar sirrin shiga bankinka, ko lambar sirrin katinka, ka goge ta nan take.

Sai dai jadawalin shi ma yana da nasa haɗarin, kuma kai ne mai gadinsa. Fayil ne da ke ɗauke da sirrin dukiyarka duka, don haka ka sa masa kullewar da ke hana buɗe shi gaba ɗaya. Excel yana da wata kullewar da gyara kawai take hanawa, wadda kowa zai iya buɗewa ya karanta, kuma mutane da yawa ita suke sawa suna zaton sun tsira. Ka rubuta kalmar sirrin a takarda ka adana a gida inda iyalinka za su same ta idan ta Allah ta kasance, domin idan ta ɓace ko kamfanin Microsoft ba zai buɗe maka ba. Ka ajiye kwafi biyu bayan wanda ke kwamfutar, ɗaya a filash da ke kwana a gida, ɗaya a Google Drive wanda ke ba da gigabait 15 kyauta. Filash ɗin kada ka bar shi a jikin kwamfuta, saboda cutar nan da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ta tsayar da asibitoci a Ingila a Mayun 2017, tana kama duk abin da ta tarar a haɗe. Kwamfutar lissafi kuma ba ta kallon fim ba ce, ba a soka mata filash ɗin kowa, yaran shago su shiga da nasu asusun wanda ba shi da ikon saka sabuwar manhaja.

Abin da ya fi kwamfutar rauni a yawancin shagunanmu shi ne layin waya. Wanda ya sace wayarka ya zare sim ɗin ya sa a wata wayar zai iya gano BVN ɗinka, ya kuma gwada tura kuɗi ta lambobin da ake dannawa ba tare da intanet ba. Ka sa wa sim ɗin kansa lambar sirri, ka kunna matakin tabbatarwa na biyu a WhatsApp da Gmail, kuma layin da ke karɓar alat ya zama daban da wanda aka rubuta a allon shago. Idan ka ga sabis ya ɗauke a layinka kaɗai alhali na maƙwabta yana aiki, ka garzaya banki a tsayar da asusun kafin ka je ofishin kamfanin layi, domin mai yiwuwa wani ne ya yi wa layin walkam bak. Ka kuma hana yaranka sakin kaya saboda saƙon alat ko hoton rasit da mai saye ya nuna, sai an buɗe asusun an ga kuɗin sun zauna.

Ba ka tambaya ba, amma tunda kwamfuta za ka saya, ka yi hattara da masu sayar da na hannu. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance sai injin Intel na ƙarni na takwas zuwa sama, ko makamancinsa. Wannan ya sa tsofaffin kwamfutoci suka cika kasuwa, wasu masu sayarwa kuma suna ɗora musu Windows 11 ta bayan fage, su ce maka sabon shigowa ce. Kada ka tsaya a kan takardar da aka manna a jiki da ke cewa Core i5 ko i7, domin ana sayar da irin wannan takarda daban. Ka sa a buɗe maka bayanin injin a allo ka karanta lambar da ke biye da sunan, idan ta fara da 4 ko 5 ko 6 ko 7 kuma lambobi huɗu ne, tsohuwa ce ko da jikinta yana ƙyalli. Ka cire caja ka ga yadda batir zai riƙe, ka kuma tabbatar ba a kulle ta da kalmar sirrin wani kamfani ko makarantar waje ba. Sannan akwai kyautar da suke yi wadda ta fi komai illa, wato su cika maka ita da Office (manhajojin Microsoft da Excel ke cikinsu) da maganin bairos da aka fasa. Kafin fasasshiyar manhaja ta zauna sai an kashe kariyar kwamfutar, kuma ba ka san abin da aka cusa a cikinta ba. Microsoft Defender da ke zuwa da Windows ya wadatar wa shago irin namu muddin ana barin sabuntawa ta shiga. Idan kuɗin Office na gaskiya ya yi maka yawa, LibreOffice kyauta ce kuma tana buɗe fayilolin Excel, Google Sheets ma kyauta ce, ga ta da ajiye tarihin duk gyaran da aka yi, ko da yake tana son intanet mai ɗan ƙarfi.

A shafin dukiya ka rubuta kowane asusun banki a layinsa, domin hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC tun 2024 naira miliyan 5 take lamunce wa kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 2 kuma a ƙananan bankunan maikurofainans. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, waɗanda ajiyarsu ta wuce wannan iyaka sai da suka jira a sayar da kadarorin bankin. Idan kuɗinka a banki ɗaya ya fara wuce iyakar, ka raba shi da wani bankin.

Saboda haka ka sayi kwamfuta ta hannu mai injin ƙarni na takwas ko sama, ka sa a goge ta tas a gabanka a ɗora Windows na gaskiya, ka buɗe jadawali mai shafi uku, na dukiya da na basussuka da na zakka, ka tsayar da rana ɗaya a ƙarshen kowane wata ta ƙirga haja da cikewa. Littafin cinikin yau da kullum ka bar shi a kan tebur yadda yake, daga cikinsa za ka riƙa kwasowa. Kuɗin da za ka ba masu manhajar a shekara ka sayi filash biyu masu kyau da na'urar UPS da za ta riƙe kwamfutar idan wuta ta ɗauke.