Kaset ɗin Baba da na taho da su Liyon

Assalamu alaikum mutanen gida, da fatan kowa na lahiya, ya zafi ya ƙura. Bara da na zo hutu na koma Faransa da wani ɗan kwali, kaset ɗin bidiyo ne guda 7 da muka ciro cikin akwatin ƙarfe na marigayi Baba can gidanmu na Mokoyo, har Yaya na ce mini mi za ka yi da wanga kaya tunda magneto ma babu mai shi yanzu cikin unguwa. To na gama aikinsu satin da ya wuce, shi ne na ce bari in ba ku labarin yadda abin yake nan, don na san gidaje da yawa a Maradi akwai irinsu jibge ƙarƙashin gado.

Abin da ya fara ba ni mamaki, nan ma babu sabon magneto a kanti, ko ɗaya. Ni da na ɗauka ƙasar Turawa komi ka nema akwai. Ashe kamfanin ƙarshe da ke ƙera shi, Funai na Japan, ya daina tun watan Yulin 2016, shekara 40 kenan cur bayan da kamfanin JVC ya fito da irin kaset ɗin nan, VHS, a 1976. Sai dai na hannu, ko ka duba Leboncoin a intanet, ko ka tahi Emmaüs inda ake saida tsohon kayan da mutane suka bayar kyauta, ko irin kasuwar nan ta ranar lahadi da 'yan unguwa ke fito da tarkacen gidajensu bakin titi. Kuma mai kyau tsada yake ƙarawa kullum saboda kowa ya farga da kaset ɗin iyayenshi.

Akwai masu shago da aikinsu kenan, ka kai kaset su juye maka cikin kile USB. Na je wani nan kusa da mu, yuro 15 kowane kaset, wajen jikka 10 kenan na sefa, guda 7 ya kama kusan jikka 69, kuma sai ka jira sati uku. Gaskiya wurin tsab yake, suna ba ka rasit, suna liƙa lamba jikin kowane kaset don kar a haɗa da na wani, wannan na yaba musu. Amma da matar ta danna ɗan maɓallin gefe ta ɗaga murfin gaba ta ga zaren, sai ta ture guda 2 gefe, wai sun yi fumfuna. Na leƙa ta gilashin kaset ɗin, wallahi wani fari-fari ne ya bi zaren kamar an barbaɗa garin rogo, ina jin tun shekarar da rufin ɗakin Baba ya yi yoyo da damina ne. Ta ce ba za ta sa su cikin injinta ba, za su ɓata mata kai. Na ce to a goge mana, ta ce su ba su yin wannan.

Nan ne na tuna masu gyaran rediyo da tele na wajen babbar kasuwa. Mutum na zaune cikin rumfa da sukundireba ɗaya da ɗan ƙyalle, ka kawo mishi kaset da zaren ya tsinke, ya kwance kusoshin nan biyar, ya yanke inda ya tamuƙe ya liƙe, ya naɗe da yatsa, kana tsaye kana kallo, ka ba shi abin da ya sawwaƙa ya ce Allah ya amfana. Nan kuwa kafin mai gyara ya ma buɗe magneto ya duba mi ke damunshi sai ka biya kuɗin dubawa, wanda ya fi kuɗin da ka sayi magneton, shi ya sa in abu ya lalace kai shi wurin zubar da kayan lantarki kawai suke yi. Kayan aiki suna nan, hannu kuwa wallahi yana Maradi, kuma ina ganin ba mu san darajar waɗannan mutane ba.

Sai na ce bari in yi da kaina. Na samu magneto yuro 30 a Emmaüs, na sa suka kunna shi gabana, sannan na sayi wani ɗan abu kamar kile USB mai wutsiyar waya uku, ruwan ɗorawa ta hoto ce, ja da fara na murya. Magneton nan bayansu wata babbar kafa ce mai haƙora 21 da suke kira Péritel, sai ka sayi ɗan mahaɗi da ke maida ta wayoyin nan uku. Ka jona da kwamfuta, ka sauke OBS, manhajar ɗaukar bidiyo ce ta kyauta, ka danna. Abin da ya kamata kowa ya sani, babu sauri cikin aikin nan, kaset E-180 awa 3 ne to awa 3 za ka zauna, don kwamfutar kallo take tana rubutawa. Masu fumfunar kuwa na kwance su da kaina na bi zaren a hankali da ƙyalle mai laushi busasshe, da takunkumi a hancina, dare biyu ina yi, kuma su na sa daga ƙarshe don in kan magneto ya yi datti ya zamana na gama sauran.

Na bikin auren yayata na 1998 ya fito da kala lahiya lau. Da na sa waɗanda Baba ya ɗauka daga Télé Sahel sai hoto ya zo fari da baƙi, raina ya ɓaci na ɗauka kalar ce ta mutu. Wani ɗan Senegal da muke aiki tare ya ce ba kaset ba ne, tsarin kala ne. Tele ɗin Nijar a lokacin SECAM take watsawa irin na Faransa, Najeriya kuma PAL, Amurka NTSC. Kyamarar mai ɗaukar bikin PAL ce, irin wadda ake shigowa da ita ta Kano, shi ya sa ta fito daidai, ɗan abin da na saya mai araha kuwa bai gane SECAM sosai. Na sake sayen wani yuro 45 da aka rubuta SECAM jikin kwalinshi, kala ta dawo. Don haka 'yan uwa na Amurka da ke son aiko magneto gida ku yi hattara, naku NTSC ne kuma wutar can 120, tamu 220 ce.

Cikin na bikin akwai wani wuri, bai fi minti biyu ba, Inna zaune kan tabarma bakin ɗakinta da kwanon goro tana rabawa, ta ɗago kai ta ga kyamara ta ja mayafi ta rufe rabin fuska tana dariya, sai ta kira sunana ta ce in kawo ma baƙi ruwa. Shekara 14 rabon da in ji muryarta. Saman hoton yana rawa, akwai layi fari da ke ratsawa, amma muryar ras take. Na maimaita wurin ban san sau nawa ba. Na kokowa kuma rabinshi labarun dare sun hau kai, Baba ya sake ɗauka bisa kaset ɗin, amma ana jin ganga da kirari, shi da kullum hirarshi Kantu ne, ɗan kokowar Maradi, da takobin farko na 1975 a Tawa.

Batun ɗaukar shirin tele na yanzu kuwa, nan akwatin da kamfanin intanet ke ba ka shi ke yi, ka zaɓi shiri ka danna ya ɗauka ko ba ka gida, wanda ka manta ma yawanci yana nan kwana 7 kana iya komawa. Daɗi ne, amma abin yana kulle cikin akwatinsu, da yawa ba ka iya fitarwa, ranar da ka maida akwatin ka rabu da shi. Dikodar faranti da ake saidawa kasuwarmu mai kafar USB a ganina ta fi, ka soka kile ka danna jan maɓalli, abin da ka ɗauka naka ne ka sa a kwamfuta ka ba wanda ka so. Su dai abin da suka fi mu shi ne ajiya ta ƙasa, suna da wata hukuma INA tun 1975 da ke tattara shirye-shiryen rediyo da tele, tsohon shirin kafin a haife ni ka nema ka gani.

Yaya, magneton da ɗan abin nan mai SECAM da duk wayoyin na ba wani da zai zo bayan salla. Don Allah kar a jona shi kai tsaye sai da regilatar, kuma a yi aikin inda ke da sola, in kuran ya ɗauke tsakiyar kaset zaren na iya maƙalewa ciki. Kowane kaset wajen giga 5 ya ci mini, a aje shi wuri biyu, kile ɗaya gida ɗaya wurin Kawu, CD ba abin dogara ba ne mun ga yadda namu suka kakkarce. In za a tura ta WhatsApp a yayyanka shi a tura a matsayin takarda, in ba haka ba matse shi yake fuskoki su dagule. Sauran kaset a fidda su daga ɗakin kwano, a tsayar da su tsaye kamar littafi nesa da lasifika. Kuma a tambayi Gwaggo na dawowar Baba daga Makka a 2001, ban gan shi cikin guda 7 ɗin nan ba, ina zaton ita ta ara tun lokacin.